Tauriyar da Na Yi wa Yayata

Edita, Allah Ya yi maka jagora, Ya sa abin da kake bugawa ya amfani al'umma.

Lokacin da wannan abu ya faru na haura shekara saba'in, na yi ritaya daga koyar da Larabci a makarantun gwamnati, ina zaune a gidana a Unguwar Rimi ina ba da karatun fiƙihu a zaure bayan la'asar. Na saba idan na yanke magana a ce mini haka ne, Malam. Ban san mahaifina ba. Ya tafi yaƙin Bama mahaifiyata tana da cikina, bai dawo ba, sai takarda ce ta zo ɗauke da sunansa da lambarsa ta soja. Baffana, yayan mahaifin nawa, shi ya rene ni ya karantar da ni. Malami ne mai tsanani, kuma duk sanda aka ambaci ƙanensa sai ya ce mutumin ya ajiye littafi ya sa kakin Nasara, daga nan ya sauya magana. Da wannan na girma, har ni ma na koyi katse zancen idan an ɗauko shi.

Yayata kuwa ta san shi, domin tana da shekara bakwai ya tafi. Tana zaune a Katabu gidan 'yarta, idanunta sun yi rauni, kuma a wurinta takardar nan take. Ɗana na biyu, wanda yake koyarwa a wata jami'a a Malesiya, ya gayyace ni hutu, ya kuma shaida mana cewa ya bi lambar sojan ya gano an sassaƙa sunan kakansa a jikin wani ginshiƙi a maƙabartar sojoji da ke wajen birnin Rangun na ƙasar Bama, tare da sunayen waɗanda ba a san kabarinsu ba. Ya ce zai ware mana kwana huɗu mu je. Da na je yi wa Yaya sallama sai ta riƙe hannun rigata, ta ce ba ta son turare ba ta son atamfa, kada in dawo mata da su in ce na manta da saƙo. Saƙon shi ne in tsaya a gaban sunan, in yi sallama, in gaya masa namiji aka haifa. Na yi murmushi irin na malami ga mai tambaya, na ce in Allah Ya so.

Da muka isa Rangun, kwana uku muka yi muna yawon birni da motar haya da direbanta. Sitiyarin motar yana dama, kuma a hannun dama suke tuƙi, saboda haka duk sanda direba zai wuce wata mota sai ya tambayi ɗana ko hanya ta buɗe, ni kuwa ina baya ina jan carbi. Na ga maza sun ɗaura zane suna tauna wani ganye mai rina baki fiye da goro, har ɗana ya ce zai saya mini zanen in riƙa ba da karatu da shi a zaure, in ga ko almajiraina za su dawo. Na ga haikalinsu mai rufin zinariya daga nesa, na yi salla a tsofaffin masallatan tsakiyar gari, na zauna da wani limami muka yi hira da Larabci har na manta gajiya. Kowace safiya ɗana ya ce yau mu je maƙabarta, ni kuma in ce gobe. Sai a ranar ƙarshe na yarda.

Tafiyar ta kai kamar sa'a guda. Da motar ta tsaya na hango wurin: ciyawa shar, duwatsun kaburbura a jere, dogayen ginshiƙai, da wani babban gicciye a tsaye. Nan take na ce ba zan shiga ba. Ɗana ya shiga shi kaɗai, ya jima, ya dawo ya durƙusa a bakin ƙofar motar. Ya ce ya ga sunan da idonsa, ya ce akwai kaburburan Musulmi da yawa da rubutun Larabci a kansu, ya ce taku ɗari biyu ne kawai kuma zai riƙe ni. Na kawo masa maganganun malamai ɗaya bayan ɗaya, alhali na san akwai waɗanda suka fi su ƙarfi da suke halatta shiga. A yau ina shaida wa kaina cewa gicciyen hujja ce kawai na samu a hanya. Abin da ya zaunar da ni shi ne wani tsohon haushi da kunyar a ce ni ɗan sojan Nasara ne. Na ɗaga hannu a cikin mota na yi addu'a gajera, na ce wa direba mu tafi. A hanya na umarci ɗana kada ya gaya wa kowa.

Da na dawo Kaduna Yaya ta tambaye ni tun kafin in zauna. Akwai abin da malamai suke kira tauriya, wato ka faɗi magana wadda lafazinta gaskiya ne amma ka bar mai sauraro ya fahimci wani abu dabam. Na ce mata na je wurin, na yi masa addu'a. Babu kalmar ƙarya a ciki. Ta yi kuka, ta sa mini albarka, ta sa aka soya waina aka raba sadaka, ta riƙa gaya wa maƙwabta cewa ƙanenta ya isar da saƙo.

Shekara biyu ina ɗauke da wannan. Wata rana a zaure muka iso babin rantsuwa, sai wani dattijo mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa ya tambaye ni ko tauriya ta halatta ga wanda yake da haƙƙin sanin gaskiya. Na amsa masa ba tare da jinkiri ba cewa ba ta halatta, domin a nan magana tana kan abin da mai haƙƙi ya nufa da tambayarsa. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Na rufe littafin, washegari da safe na tafi Katabu.

Na gaya mata komai. Ta ce ita ƙanenta ta tambaya, sai malami ya amsa mata. Ta ce ko na san dalilin saƙon? Ranar da mahaifinmu zai tafi, tana tsaye a ƙofar ɗaki ta ji ya ce wa mahaifiyarmu idan namiji ne a kai shi wurin yayansa ya yi karatun da shi bai samu ya ƙarasa ba. Ta ce sau da yawa ta so ta gaya mini, amma da ta ambace shi sai in duba agogo. Sai ta sa 'yarta ta kira ɗana a waya, ta tambaye shi me ya yi a gaban ginshiƙin. Ya yi nauyin baki, ta ce ya faɗa, goggonsa ce take tambaya. Ya ce ya yi sallama, ya gaya wa kakansa namiji aka haifa, ya zama malami, yana nan a bakin ƙofa cikin mota.

Yaya ta yafe mini kafin in bar gidan, ta ma ce in tsaya in ci tuwo tunda na iya zama wuri ɗaya. Ta rasu bayan shekara guda, Allah Ya jiƙanta. Na yi niyyar komawa, amma gwiwoyina sun ƙi, ƙasar Bama kuma ta shiga rikici.

Ina jan kunnen 'yan uwana masu karatu, musamman waɗanda mutane suke ce wa haka ne, Malam. Duk sanda hujja ta zo muku da sauri daidai inda zuciya take so, ku tsaya ku binciki zuciyar kafin littafin. Kada ku yi wa mai haƙƙi wasa da lafazi, kuma idan dattijo a gidanku ya ɗauko zancen wanda ya rasu, ku bar shi ya kai ƙarshe. Ni na yi tafiyar da ta ratsa teku, na rage taku ɗari biyu tsakanina da sunan mutumin da ya yi wasiyya a karantar da ni, kuma da karatun nan nasa na ƙi sauka daga mota. Ina roƙon wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya sa ni.