Kunyoyin da Suka Ci Filin Jirgi

Ranar Talata da la'asar Malam Badaru yana tsakiyar gonarsa yana duba geron da ya fara ido, sai rana ta dushe kamar hadari ya taso. Ya ɗaga kai. Jan-baki ne, tsuntsayen nan masu cinye hatsi, sun yi baƙi ƙirin daga gabas suna murɗawa kamar hayaƙi. Ba su sauka ba, fadama suka wuce. Duk da haka ya zauna a kan kunya. Ya san za su dawo, kuma ya san abin da yake ɓoyewa.

Shekara goma sha tara Badaru yana kula da filin jirgin Gidan Mani, arewa da Kunci. Ba wani fili ba ne na a zo a gani. Jar ƙasa ce miƙaƙƙiya, da fararen duwatsu a gefe, da ƙyalle a kan sanda mai nuna iska. Idan tsuntsu ya zo, nan ƙaramin jirgin feshi yake sauka ya ɗauki magani ya bi tsuntsayen makwancinsu. Badaru ne mai nome ciyawa, da cike ramin gara, da korar awaki. Bai taɓa shiga jirgi ba, amma duk gari Direban Sama ake ce masa.

Sai aka shiga shekarun fari. A wannan yanki gona manne take da gona, ko wurin ɗaure jaki sai an yi shawara. Shekara uku jirgi bai zo ba, don babu abin da tsuntsu zai ci. Muntaka, ƙanin Badaru, mai 'ya'ya takwas da gona kamar tabarma, ya zo ya tsuguna.

"Yaya, ƙasa tana kwance, mu muna kwana da yunwa. Kunya goma kawai daga can ƙarshen filin jirgin. Jirgin naka ma ya manta hanya."

Badaru ya yarda. Kunya goma ta haifi wasu. Matarsa Hure ma ta zuba wake a gefe.

Bara ma'aikata biyu suka zo daga ofishin da ke rarraba filayen jirgi aji-aji. Suka ja igiyar awo, suka sha fura, suka tafi. Da takarda ta iso, 'yarsa Asama'u, wadda ta gama kwaleji a Bici, ita ta karanta masa. Duk filin da ke cikin jerin gwamnati, in ji takardar, ana turo masa gireda mai baje ƙasa da man jirgi da magani gwargwadon ajinsa. Nasu ya gaza tsawon aji na ƙarshe da mita saba'in. An cire shi.

"Baba, a wurinsu yanzu gona ce kawai," in ji Asama'u.

Ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin tabarma, ya ci gaba da nome filin kamar ba a yi ba. Ko mai unguwa bai gaya wa ba.

Da aka idar da magariba ranar da tsuntsun ya wuce, mutane suka tare shi a ƙofar masallaci.

"Direban Sama, yaushe naka zai sauka?"

A nan ya faɗa musu an cire filin daga jerin tun bara. Ba wanda ya zage shi, kuma da zagin aka yi da ya fi masa sauƙi.

Da gari ya waye ya ɗauki fartanya ya nufi filin jirgin, ya fara sara da waken Hure. Tana tsaye tana kallo. Da ya isa geron Muntaka, wanda saura mako biyu a yanka, sai ga mai shi a guje.

"Tsuntsu bai ci ba, kai za ka ci, Yaya?"

"In jirgi bai sauka ba, ba naka kaɗai zai tafi ba."

"In kuma na sare bai zo ba fa?"

Muntaka ya daɗe yana kallon zangarniyoyin, sannan ya fizge fartanyar ya ce ba wanda zai taɓa masa gero sai shi. Ya sare shi duka, yana yi yana share fuska da hannun riga.

Kwana biyu ana baje kunyoyi, mata na ɗebo ruwa ana daɓewa. Aka auna da igiyar guga har sau uku, tsawon ya cika. Asama'u ta rubuta takardar roƙon a mayar da filin cikin jerin, ta kai ofishin a Kano da kanta. Aka ce mata sau ɗaya a shekara ake duba jerin, amma za a aika gaba a ji.

Tsuntsun ya riga ya sauka a gonaki huɗu na bakin fadama, ya bar kara tsaye. Tun daga asuba ake kaɗa gwangwani har murya ta dushe. Badaru ya sake shafa wa duwatsun farar ƙasa, ya ɗaura sabon ƙyalle, yana wuni a bakin filin. Muntaka bai sake yi masa magana ba.

Yau kwana biyar ke nan da kai takardar. Amsa ba ta zo ba, jirgi ma bai zo ba.