Yahuza Mai Niƙa da Taken Sarkin Noma

Duk wanda ya taɓa kai niƙa bayan tashar Ƙanƙara ya san Yahuza, ko da bai san sunanshi ba. Shi ne dogon nan da gari ke rufewa tun daga gashin ido har yatsun ƙafa, wanda in ya yi maka murmushi sai ka rasa inda haƙora suka tsaya fuska ta fara. Haifaffen Ketare ne, gidan manoma kaka da kakanni, amma shi Allah bai haɗa jininshi da fartanya ba. Ranar zuwa gona ita ce ranar da cikinshi ke murɗawa, in an dawo kuma ya warke sarai har ya nemi ƙarin tuwo. Makaranta ya kai aji biyu na sakandare ya ce ya gane inda aka dosa, sauran a bar wa masu haƙuri. Ya yi tallan rake, ya yi kwandasta wata uku, ya bi wani kawunshi Funtuwa ya dawo da takalmi ɗaya. A ƙarshe wani Alhaji ya damƙa mashi injin niƙa, kuma abin mamaki nan ya zauna, yau shekara tara ke nan.

Injin ne ya koya mashi waƙa. Wanda ke wuni kusa da wannan ƙara, ko ya kurumce ko ya sami abin yi da ita. Yahuza ya lura tana da tafiya, sai ya riƙa ɗora mata magana. Ya yi wa dawa waƙa, ya yi wa matan da ke kawo masara da tsakuwa a ciki waƙa, har bel ɗin injin da ke tsinkewa ranar kasuwa ya sami tashi. Muryarshi ta saba gasa da inji, shi ya sa in ya raɗa maka magana a kunne, na tsallaken titi ke ba da amsa.

Abokan wannan sha'ani su biyu ne. Akwai Kabir tela, mai wata tsohuwar fiyano da maɓallanta uku suka mutu, ya kuma ƙware wajen kauce masu kamar mai kauce wa ramukan hanya. Sai Inusa mai faci, Kirista, mutumin wani ƙauye ne a wajen Tafoki, sun dawo gari lokacin da zaman ƙauyen ya gagara. Shi ke kiɗa a cocinsu ranar Lahadi. Yahuza na ce mashi ɗan coci, shi kuma yana ce wa Yahuza farin aljani, kuma ba wanda ya taɓa jin haushi.

Duk Juma'a in an sakko daga masallaci inji na hutawa, sai su shige ɗakin ajiyar buhuna, su ja ƙofa. Nan ne sitidiyo. Buhunan dusa ke tare hayaniyar tasha, wayar Kabir kuma a cikin ƙwarya ake sa ta, wai ta fi kama murya. Kafin magariba kowa ya kama gabanshi. Ba biki suke zuwa ba, ba wanda suke yi wa roƙo, don Yahuza ya ce shi ba maroƙi ba ne, mai niƙa ne da Allah ya ba maƙogwaro. Sun yi waƙa goma sha ɗaya a haka. Masu saurarensu su ukun ne da Suwaibatu matar Kabir, wadda ta ce ta bakwai ta fi daɗi saboda ta fi gajarta.

Farkon daminar bana ne Inusa ya zo da wani abu a nannaɗe cikin tsohon bargo. Gangar noma ce ta kakanshi, ta fi shekara ashirin a rataye a ɗakin mahaifinshi, sai da ya yi wata guda yana lallashi kafin a ba shi aro. Ya shanya ta a rana fatar ta ɗame, ya ɗauki gula, ya kaɗa wani kiɗa da ya ce kakanshi na buga mashi a baya da yatsu in yana so ya yi barci. Yahuza ya matso ya kasa kunne. Kiɗan na da nauyi, yana tafiya yana tsayawa kamar mai jiran a amsa mashi. Nan take ya ɗora mashi waƙar wata Hamida mai awara, wadda ya so shekara uku bai taɓa gaya mata ba, har ta yi aure a Sabuwa ba ta ma san ana yi ba.

Kabir ne ya kai waƙar shagon caji aka tura wa mutum biyu. Cikin mako uku ta cika gari. Masu acaɓa na sa ta, mai shayi na sa ta, wani direba ya ce ya ji ta a Faskari. Mutanen da shekara tara suke ce mashi mai inji suka fara kiran Yahuza da sunanshi. Mutumin naku har wanke fuska ya fara yi kafin ya fita sayen ƙosai.

Ranar wata kasuwa, inji na tsakar aiki, sai ga wani dattijo da sanda ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi nuni a kashe. Baba Abdulƙarim ne, mai sayar da ƙotar fartanya a bakin kasuwa, wanda ke zuwa daga ƙauyen su Inusa na da. Yahuza ya kashe inji ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijon bai amsa da tsawo ba.

"Kai ne mai waƙar ga ta cikin waya?"

Yahuza ya ce shi ne, yana gyara wuyan riga, don ya zaci yabo ne ke tafe.

"Ɗan nan, mi na yi maka? Yau tun safe sau tara nike miƙewa tsaye. Ka dubi gwiwoyin ga."

Sai da ya zauna a kan buhu ya huta sannan ya yi bayani, Yahuza kuma ya ji kamar an watsa mashi ruwan randa. Ashe kiɗan nan ba kiɗan kowa da kowa ba ne. A wajensu duk babban manomi yana da takenshi, wato kiɗan da nashi ne shi kaɗai, da shi ake zuga shi a gona. Wannan taken mahaifin Baba ne, Sarkin Noma Barmo, kuma kakan Inusa ne makaɗinshi. Al'adar gidansu ita ce mai take ko magajinshi ba ya jin takenshi a zaune. Dole ya miƙe, ya cire hula, ya amsa. Tun da Barmo ya rasu ba a sake kaɗa shi ba, shekara talatin. Yanzu ga shi yana fitowa daga aljihun kowane ɗan acaɓa, Baba na tsakar ciniki sai ya miƙe, yana alwala sai ya miƙe, yaran kasuwa har sun gano sun fara sa mashi da gangan. Abin da ya fi ci mashi rai kuma, in ya kasa kunne ya ji sunan ubanshi a inda aka saba faɗinshi, sai ya ji ana kiran wata Hamida.

Kafin la'asar magana ta kai kunnen mahaifin Inusa. Ya zo da kanshi, ya naɗe ganga a bargonta ya tafi da ita. Saƙon da ya bari guda ne: ganga ba ta sake fita ɗakinshi sai ranar da Baba Abdulƙarim ya ce ya yafe.

Juma'ar da ta biyo baya suka gwada da jarka. Kabir ya buga, Yahuza ya buɗe baki, abin ya fito kamar ana gyaran kwano. Inusa bai ma zo ba, kunya ta hana shi, in ya hango Yahuza sai ya sunkuya a kan taya. Nan Yahuza ya gane ba waƙar Hamida ce zai rasa ba, Juma'ar ce gaba ɗaya. Shi da ba mata, ba gona, ba ƙwallo yake kallo ba, in aka cire mashi wannan rabin wunin me ya rage ban da ƙarar inji?

Dabararshi ta farko ita ce bin mutane yana roƙo su goge. Duk wanda ya roƙa sai ya ce wace waƙa ce haka har ake gogewa, a tura mashi ya ji. Cikin kwana huɗu ya ƙara mata masu sauraro fiye da yadda shagon caji ya yi. Da ya ga haka sai ya sayi goro, ya ɗauki Kabir a bayan babur da safe, suka nufi ƙauyen.

Sun iske Baba a gindin ɗorawa bakin gonarshi ta bayan gida. Dawa ta kai gwiwa, amma ciyawa ta kusa shanye ta, don 'ya'yanshi maza duk sun tafi neman abinci birni, shi kuma ƙarfi ya ƙare. Yahuza ya ba da haƙuri iyakar iyawarshi, ya rantse bai sani ba, ya ce in da hali da ya bi wayoyin ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya. Baba ya karɓi goro ya ajiye gefe. Ya ce ya san ba su sani ba, kuma rashin sanin ne ya fi ba shi tausayi, jikan makaɗi guda bai san abin da ke hannunshi ba.

"Taken ga ba na rawa ba ne," in ji shi. "In an kaɗa shi, aiki aka kira. Kun kira gayya wata biyu, ba wanda ya zo."

Yahuza ya dubi ciyawar nan, ya dubi Kabir. Kabir ya ɗauke kai yana kallon sama kamar mai duba hadari. A hanyar dawowa ya ce shi dai tela ne, hannunshi na allura ne. Yahuza ya ce ai shi Kabir ɗin ne ya kai waƙar shagon caji, don haka kuyya biyu-biyu zai riƙa ɗauka in an shiga noman.

Ranar Asabar da hantsi suka hallara, su uku da 'yan acaɓa shida da Yahuza ya ce masu tun da sun ji daɗin waƙa su zo su ji inda ta fito. Mahaifin Inusa ya kawo ganga da hannunshi, ya rataya wa ɗanshi a kafaɗa, ya gyara mashi riƙon gula, ya koma gefe. Inusa ya kaɗa. Baba Abdulƙarim ya dafa sanda ya miƙe, ya cire hula, ya amsa da wata murya da ba wanda ya san yana da ita. Ya kira ubanshi Barmo mai kwana da galma, wanda rana ke iskewa a ƙarshen gona, ya jero gonakin da ya nome da shekarar da ya ciyar da ƙauye uku. Matan gida suka leƙo ta kan danga, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa tana share ido. Sannan Baba ya karɓi fartanya ya yi sara uku, ya miƙa wa Yahuza.

Wallahi Yahuza ya sha wuya. Kafin ya kai rabin kuyya bayanshi ya ƙage, tafin hannunshi ya yi ruwa, gumi ya wanke garin shekara tara daga kunnuwanshi. Inusa na biye da shi da ganga yana ce mashi farin aljani ya koma baƙi. Baba kuma daga inuwa ya ce ina muryar da ake ba shi labari, a yi waƙa mana. Da numfashi sama-sama Yahuza ya fara ɗora abin da ya ji dattijon ya faɗa a kan kiɗan. Sai a lokacin ya gane tsayawar nan da kiɗan ke yi: wurin saukar fartanya ne. In ka sara a nan, ka ja numfashi a can, aikin da kanshi yake tafiya. Kabir ya lallaɓa ya zaro waya zai ɗauka, Yahuza ya harare shi.

"Mutumina, maida ta aljihu. Wannan ta nan ce."

Azahar ta yi sun gama gonar, ban da wani lungu da Kabir ya nome har da dawar. Aka kawo fura. Baba ya sha, ya goge gemu, ya dubi mahaifin Inusa ya ce ya yafe, a ba yara gangarsu. Game da wayoyi kuma ya ce ya yi tunani: shi ubanshi, makaɗi yake miƙe wa, mutum mai hannu a kan fata, don haka daga yau duk ɗan acaɓan da ya sa mashi waya zai ji ta a zaune, in ya matso kusa kuma ya ji sanda.

Mahaifin Inusa ya ba da ganga, amma da sharaɗi: kafin su ɗora waƙa a kan kowane kiɗa, a zo a kaɗa mashi ya ji ko na wani ne. Juma'ar da ta zagayo suka je, hannuwan Yahuza naɗe da tsumma. Ban da taken Barmo, kiɗa biyar Inusa ya gada daga kakanshi, ya kaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya ce na farko na wane ne, jikokinshi na Mabai. Na biyu na wani maharbi ne. Na uku da na huɗu ma da masu su, kuma ɗaya daga ciki gonar magajinshi ta ninka ta Baba Abdulƙarim sau uku, abin da ya sa Yahuza ya ce a wuce da sauri. Na biyar ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya, ya ce wannan ba na kowa ba ne, da shi kakan ke korar tsuntsaye daga gero.

Suka koma ɗakin buhuna da kiɗan korar tsuntsayen, suka ja ƙofa, Kabir ya sa waya a ƙwarya. Kafin la'asar sun gama waƙa ta goma sha uku.