Tudun da ba a nomawa a gonar kakata

Shekarun baya, bayan na kammala digiri a fannin tono kayan tarihi, na koma ƙauyenmu kusa da Kachia ina jiran kiran bautar ƙasa. Ba zan faɗi shekarar ba. Na duba littafin rubutuna na ga ban sa kwanan wata ba, kuma ba na son rubuta abin da ban tabbatar ba.

A lokacin kaina cike yake da wani darasi kan mutanen Ireland na dā. Sukan gina gida cikin da'ira, su kewaye shi da tudun ƙasa don tsare iyali da shanu. Gidajen suka rushe, da'irar ta saura. Manoman da suka zo daga baya suka ce iskoki ne ke zaune a ciki, don haka garma ba ta taɓa wurin, kuma tsoron nan ne ya adana wa masu bincike wuraren. Sai na yanke hukunci da gadarar sabon mai digiri: duk inda aka ce akwai iskoki, akwai tarihi a ƙasa.

A tsakiyar gonar cittar kakata, mahaifiyar babana, akwai ɗan tudu kewaye da duwatsu. Tun muna yara take cewa iskoki ne a ciki, duk wanda ya taɓa shi ƙafarsa za ta kumbura, kunyoyin noma kuwa sai su kauce masa. Ga shi ba mu da nisa da ƙasar Nok, inda aka tono mutum-mutumin laka na mutanen dā. Na gaya wa ƙanin babana, wanda ke noma gonar, cewa zan tona.

Ya ce, "Farfesa, in ka tona ƙafarka ba ta kumbura ba, bana sai na sa citta a wurin."

Wata Asabar da safe, kaka tana taron matan coci, na kafa turaku, na ja zare, na fara kankare ƙasa a hankali. Ban wuce zurfin taƙi biyu ba na ci karo da tukunya a kife. Wani ɓalli mai zane ya rabu daga jikinta. Na naɗe shi a hankici.

Da rana na same ta a tsakar gida tana tsaga citta tana shanyawa.

"Mijina, me ka ɓoye? Tsaraba ne ka kawo ma matanka?"

Na buɗe hankicin. "Kaka, wannan zai iya kai shekara dubu biyu."

Ta yi dariya. "To ni ma na kai dubu biyu ke nan. Ni na gina shi. Ba ka gani totuwan masara na mirgina a kai ba?"

Nan kunya ta kama ni, domin ko ɗan aji ɗaya ya san babu masara a ƙasar nan a zamanin Nok. Amma dariyarta ta riga ta tsaya. Ta juya ɓallin a tafin hannunta.

"Ina ka samo?"

Na faɗa mata. Ta ajiye wuƙar.

Ta ce kafin babana ta haifi 'ya mace. Kwana huɗu ta yi a duniya. Damina ce, rafi ya cika, Fada, limamin coci ɗan Ireland da ke zuwa musu, bai iya hayewa ba, yarinyar ta rasu ba a yi mata baftisma ba. Dattawan coci suka ce ba za a sa ta a maƙabartar coci ba. Ita da kakana suka kai ta gona, ta kifa mata tukunyar da ta fi so.

Na ce, "To iskokin fa, Kaka?"

"Ni na yi su. In na ce yarinya ne, za su ce ai ya daɗe, su noma. Iska kam, ba wanda yana wasa da shi."

Sai na tuna ƙarshen darasin nan, wanda na karanta a gurguje: a Ireland ma, a ƙarnukan baya, akan binne jariran da ba su sami baftisma ba a irin waɗannan tsofaffin da'irori. Na gaya mata.

Ta dube ni. "Ƙasan su Fada? Ashe matansu ma sun sha."

Muka tafi gonar tare. Ta durƙusa ta mayar da ɓallin a gurbinsa, ta yi addu'a da yarenmu, ni kuma na mayar da ƙasar da hannuna. A hanya ta roƙe ni kada in faɗa, domin ta san ɗanta mai noma gonar: zai yi baƙin ciki na mako guda, shekara ta zagayo ya sa fartanya.

Washegari na ɗaure ƙafar hagu da tsumma, na yi kwana uku ina ɗingishi a gaban ƙanin babana.

"Kai, Farfesa! Ba Mama ta faɗa maka ba?"

Kaka ta rasu, ƙanin babana ma ya bi ta, gonar ta dawo hannun babana, kuma na gaya masa yana da yaya. Shi ya sa nake iya ba da labarin yau. Har yanzu ina sake duba kowace ƙididdiga sau uku kafin in rubuta. Amma a duk aikin da na yi a fannin nan, wannan ɗingishin ne kaɗai ƙaryar da na shirya da gangan, kuma shi ne ban taɓa jin ina son gyarawa ba.