Tawul a Ƙugun MaShezi

MaShezi ba da ƙiba aka haife ta ba, da gangan ta tara abarta. A tashar tasi ta Umlazi, a Afirka ta Kudu, take suyar amagwinya, wato fanken can, kuma tsofaffin direbobi sun san ta tana siririya kamar muciya.

A shekarun da kowace Asabar sai an kai wani makwanci, ƙanjamau ya kama ƙanwarta Zibuyile. Yarinyar ta rame, ta ƙi zuwa karɓar magani don kar a gan ta a layi, har ta cika. Bayan makoki sai MaShezi ta lura masu saye na ƙare wa tsintsiyar hannunta kallo kamar ita ma ta kamu, su zarce teburin gaba. Abin ya ƙona mata rai. Ta duƙufa kan tuwon masara da kitsen gasasshen nama, ta bi da ragowar abin da ta soya. Da tumbi ya fito, ciniki ya dawo. Ka ji halin mutane.

Shekaru suka ja, sai ta fara ganin jini a bayan gida. 'Yarta Sphelele ta tasa ta gaba sai asibiti. Aka leƙa babban hanjinta da 'yar kyamara, aka tarar da wasu 'yan tsiro, aka yanke su.

"Mama, ba su rikiɗe sun zama ciwon daji ba, kin yi sa'a," in ji likitar. "Amma kitsen ciki yana ƙara haɗarin fitowarsu, kuma suna iya dawowa. Ki rage."

"In rage me? Ke kin san wahalar da na sha kafin in tara shi?"

Ta yi mita, amma mutuwa ba ƙawarta ba ce. Ta koma wake da ganye, tana takawa tasha da ƙafa. Siket ya fara zamewa.

MaDlomo mai teburin gaba ce ta fara tankawa. "Ƙawata, ina kika kai rabinki? Ko jingina kika bayar?" Aka yi dariya, amma MaShezi ta ga irin kallon nan na da, tsoro ya kama ta. Washegari ta naɗa tawul a ƙugu, ta ɗora rigar aiki a kai. Haka ta riƙa tsayuwa gaban kaskon mai, gumi na tsiyaya har cikin takalmi. Da ta ƙara zabgewa, ta ƙara tawul.

Wata safiya Sphelele ta same ta tana naɗi.

"Mama, wa kike ɓoye wa?"

"Bakin mutane, 'yar nan. Ba ki san shi ba."

"Na san shi mana. Ba shi ya hana Anti Zibuyile shiga layi ba?"

MaShezi ta ɗaga hannu kamar za ta kai mari, sai ta sauke. Can ta jawo akwatin da ba ta buɗe ba tun makoki, ta ciro wata shuɗiyar riga ta saka. Kamar don ita aka ɗinka.

A tasha hira ta tsaya. Wani direba, Bhekani, ya dube ta sama da ƙasa.

"Mama, lafiya kuwa? Wannan rigar fa?"

"Ta ƙanwata ce," in ji ta, tana tsamo amagwinya daga mai. "Za ka saya, ko za ka zarce gaba?"