Jarin Da Bai Iso Ba, Amma Labarinsa Ya Isa Daji

Edita, ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye tsakanin Gummi da Bukkuyum. Karatuna bai wuce firamare ba. A lokacin da nake faɗi ina da fadama, da ɗan injin sussuka, da baki marar linzami.

Wani ɗan ƙanen Inna da ke aiki a Abuja shi ya kawo mini wasu masu zuba jari. Sun ce su ba bashi suke bayarwa ba, kuɗi suke sawa a sana'ar da suka ga za ta girma, in an ci riba a raba. Babban injin cashe shinkafa za su kafa a filina. Da motoci biyu masu baƙin gilashi suka zo, muka ɗauki hoto a fadama, gari duk yana kallo. Ko kwabo bai shigo hannuna ba na sa aka rubuta allo da sunana na kafa bakin hanya, ranar kasuwa kuwa ba rumfar da ban ba labari ba. Inna ta ce in kama bakina har injin ya sauka. Na ce mata zamani ya wuce ta.

Sai korona ta zo, aka rufe hanyoyi. Babban masu jarin ya gaya mini a waya cewa waɗanda ke ba su kuɗin daga ƙasar waje sun riƙe hannu, yanzu tsofaffin sana'o'insu suke ceto, sabo kamar nawa sai wani jiƙon. Ya ba ni haƙuri, shi ke nan. Shi ya koma gidansa mai katanga, ni ya bar ni da allo.

Wata rana bayan azahar wayata ta yi ƙara. Murya ce ban sani ba. Ya gaishe ni da Alhaji, ni da ko Sakkwato ban cika zuwa ba. Ya tambayi lafiyar ɗiyana uku, kowane da sunansa, har da hanyar da babbar ke bi zuwa ɗibar ruwa. Ya ce su mutanen daji sun ji arziki ya sauka, suna jiran rabonsu. Na rantse ba a ba ni komai ba, cuta ta hana. Ya yi dariya ya ce su dai ba su ga gawar korona ba, amma motoci biyu sun gani.

Kwana huɗu na yi ina sauraren hanya. In babur ya wuce, sai in leƙa in ga ko su ne. Wanda duk ya gaishe ni sai in ce shi ne ya kai labarin. Ta yaya mutum zai nuna abin da ba shi da shi? Ranar Juma'a na tumɓuke allon, na miƙe a masallaci bayan an sallame salla na faɗa wa jama'a da bakina cewa ni matsiyaci ne, cika baki na yi. Wasu suka yi dariya. Washegari na kwashe iyalina zuwa cikin Gummi, shinkafa na tsaye a fadama ban yanke ba.

Yau ɗaukar buhu nake a injin wani. Cutar ba ta kama kowa a gidana ba, amma ta raba ni da gonar ubana, da taimakon bakina. Mai jari in iska ta canza janyewa yake, ba abin da zai same shi. Kai da ke zaune bakin daji, in an yi maka alkawari, ko matarka kar ta ji sai injin ya fara aiki. Har yau in baƙuwar lamba ta kira ni, sai na ƙirga ɗiyana kafin in ɗauka.