Leya ta Tara

Jama'a, abin da zan ba ku labari wallahi ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun baya ne, lokacin ina aiki a wani ɗan situdiyo a Doka, inda ake haɗa bidiyon biki da na taro. Da shara da aike na fara, amma da yake ni mutum ne mai zama ya kalla, a hankali na gane manhajar da ake motsa hotuna da ita, duk da a lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Ba karanta maɓallan nake yi ba, wurin zamansu na haddace.

Ga yadda aikin yake. In an kawo hoto, sai a yanko kowane mutum a ɗora shi a leyarsa daban, kamar takardu a kan juna, don su riƙa motsi a hankali. Kowace leya tana da wata 'yar alama a gefe: in ka taɓa ta hoton ya yi dishi-dishi don kwamfuta ta yi sauri, in ka sake taɓawa ya fito tar. Kwamfutarmu tsohuwa ce, don haka a dishi-dishi muke aiki, sai za a fitar da bidiyo ake mayar da komai tar.

Wata Hajiya daga Abakpa ta kawo tsohon hoton mahaifinta, Alhaji, da abokan aikinsa, za a yi masa walimar ritaya ranar Asabar. Maigidana ya ce, "Malam, wannan naka ne kai kaɗai. In ya yi kyau kujerar kwamfutar nan ta zama taka, in ka ɓata, tsintsiyarka tana nan ba ta yi ƙafa ba." Muka yi dariya, amma ni na san ba wasa yake ba.

Mutum bakwai ne a hoton, da bangon bayansu, leya takwas ke nan. Ban iya sa wa leya suna ba, ƙirga su nake yi. Ranar Alhamis da hantsi na buɗe aikin na ƙirga, sai na ga tara. Na sake ƙirgawa da yatsa a kan gilashin kwamfutar, tara dai. Kuma ta taran tana da suna. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yadda malaminmu ya koya mana, har na karanta: Tanko. Ita ce kalmar farko da na taɓa karantawa ba wanda ya taimake ni, kuma har yau ba na son tunawa.

A dishi-dishi ba a ganin komai sai wani duhu a bayan Alhaji, kamar tabon danshi a bango. Na mayar da leyoyin tar. Inna lillahi! Wani mutum ne siriri a tsaye, hannunsa a kan kafaɗar Alhaji. Sauran mutanen hoton duk da ɗan hazonsu na tsohon hoto, amma shi har zaren wuyan rigarsa ana gani, har jan da ke cikin idonsa. Na ɗauko hoton takardar na duba a bakin taga, wurin babu kowa.

Na goge leyar, na fitar da bidiyon, mutumin yana nan. Na kashe kwamfutar na kunna, leyar ta dawo. Sau huɗu ina yi, ina addu'a, kuma a na huɗun na lura hannun ya matsa kusa da wuyan Alhaji. Sai dai in na mayar da komai dishi-dishi, nan ne kawai yake komawa tabo.

Na san me kujerar nan take nufi a gidana, amma na kasa tunanin a haska wannan a gaban dattijo da jikokinsa. Na fitar da bidiyon gaba ɗaya a dishi-dishi, ban gaya wa kowa dalili ba. Maigida ya kalla ya ce, "Wannan ai kamar an ɗauka ta cikin kunu." Ba lokacin gyara, haka aka kai. Ranar Litinin na koma shara.

Bayan kwana biyu ina sharar ƙofa da rana, mota ta tsaya, Alhaji ya sauke gilashi ya ce ni ne na yi aikin? Na durƙusa na fara ba shi haƙuri. Ya ce, "Tashi, ɗana. Ka kyauta da ka bar shi a haka." Ya kalli sitiyari, sannan ya ce a hankali, "Har yanzu a kafaɗa hannun yake?"

Ya kalli fuskata. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga gilashinsa, ya tafi.

Ban san waye Tanko ba, ban kuma tambaya ba. Yau na iya karatu, har ga shi ina rubuta muku wannan da hannuna, amma wannan aikin ban sake buɗe shi ba. Masu wannan sana'a, ku riƙa ƙirga leyoyinku kafin ku tashi, ku sake ƙirgawa in kun dawo. In kun ga ƙari, kada ku yi saurin mayar da ita tar.