Shafin da Tummas Bai Juya Ba

Sau ɗaya a wata fasto yake ƙetarowa tsibirinsu, shi ma sai teku ta ga dama. Sauran Lahadin, Tummas makiyayi ne ke miƙewa gaban mutum goma sha tara ya karanta musu wa'azi daga tsohon littafin da kakansa ya karanta. Al'adar ke nan tun kaka da kakanni: mai karatu ba ya ƙara ko wasali daga kansa. Shekara talatin da ɗaya yana yi.

Sai ido ya fara cin amanarsa. Baƙaƙen suka riƙa narkewa kamar man shanu a kasko. Bai gaya wa kowa ba, don ya san ranar da aka gane, ranar za a karɓe littafin a rufe ƙofar coci sai zuwan fasto. Wannan tsoro shi ya hana shi sakat.

Da ƙuruciya ya so zuwa birnin Kopenhagen karatun tauhidi, tumakin ubansa suka ce ba su san zancen ba. Sai bara 'yarsa Rakul ta zuba masa darussan kyauta na intanet a waya, ta maƙala masa abin ji a kunne. Shi ke nan, tsoho ya shiga makaranta. Yana bin garke a kan tsauni cikin hazo, wani malami da bai taɓa gani ba yana warware masa Zabura da wasiƙun Bulus. Wani lokaci sai ya ga tekun nan ta koma ta Galili, ga manzo Bitrus can ƙasa da rigar ulu yana shanya kifi, har Tummas yakan ɗaga masa hannu.

Wata Lahadi ya buɗe littafin, bai ga komai ba sai fari. Yayarsa Malan na zaune a layin gaba, ita da ta haddace littafin nan tun ba ta da furfura.

Ya sunkuyar da kai kamar mai karatu, ya fara. Ya yi zancen tunkiyar da ta ɓata, yadda take gangarawa bakin dutse bin ɗanyar ciyawa ta kasa hawowa, yadda mai ita ke ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, teku na ruri ƙarƙashinsa. Abin da malaman kunnensa suka koya masa shekara guda ya riƙa zuwa da kansa. Ba wanda ya ko yi tari.

Da aka watse Malan ta tare shi a ƙofa.

"Kai, ɗan nan, wannan wa'azin a wane shafi yake?"

"Can wajen tsakiya, Yaya."

"Tsakiyar kanka dai. Ni za ka yi wa wayo, da na goya ka? Minti ashirin kana zuba, takarda ko ɗaya ba ka juya ba."

Ya miƙa mata littafin da hannu biyu, idonsa ya ciko.

Ta tura masa abinsa a ƙirji, tana goge nata idon da bakin gyale.

"Riƙe kayanka. Amma don Allah Lahadi mai zuwa ka riƙa juya shafi jefi-jefi, kada ka ba mu kunya. Duk mun gani, mu goma sha tara."